Hukuma, da Shari'a, da Ƙarfi Cikin Tarihin Ƙasar Haɗeja

  

An umurce ni in sa hannu cikin wannan ɗan littafi na tunawa da waɗanda suka yi wa En'e ta Haɗeja aiki, tun daga Ma'aji har ɗan doka. Ni kuwa ba gwanin tarihi ba ne, malamin kotu ne, abin da alƙalamina ya fi sabawa da shi sammaci. Saboda haka daga sammaci zan fara, gama shi ya jawo mini tunanin da zan shimfiɗa a gabanku.

Wata shekara da kaka, ruwa ya cika fadama har ya yanke hanyoyi, na rubuta sammaci zuwa ga wani mutum a wani ƙauye na bakin kogi. An yi ƙararsa ne a kan shanunsa sun shiga gonar shinkafa sun yi ɓarna. Ran da aka yanka masa, da hantsi sai ga shi a ƙofar kotu, wandonsa jiƙe har gwiwa. Ya tuɓe hula, ya ciro takardar nan a bushe, ya miƙo mini da hannu biyu. Wani wuri a ƙasa ya taka, wani wuri kwalekwale ya shiga. Ba a sa masa igiya ba, ba kuwa wanda ya biyo shi da sanda. Na dubi takardar, ba ta fi tafin hannu ba, ko iska ta iya ɗauke ta. Sai na ce a raina, shin mene ne cikin wannan 'yar takarda da ya ɗago namiji daga cikin dukiyarsa, ya ratso ruwa da shi?

Wani zai ce tsoro ne, domin ya san in ya ƙi zuwa yau, gobe ɗan sanda zai zo. Gaskiya ne. Wani kuma zai ce yarda ce, domin ya san in ya zo za a saurare shi, a nemi shaidu, ba za a yanke hukunci ba sai an tambaye shi ko yana da sauran magana. Wannan ma gaskiya ne. To, a ganina abin da a ke kira hukuma shi ne wurin da waɗannan biyu suka haɗu, sanda tana bayan takarda, takarda kuma tana gaban sanda, tana nuna mata inda za ta sauka da inda ba za ta sauka ba. Tarihin ƙasarmu kuwa ya gwada mana kowace ɗaya ita kaɗai, an ga abin da ta haifa.

Abin da Kalmomin ke Nufi

Kalmomi uku mu ke amfani da su, duka daga Larabci muka aro su, muna kuwa cuɗa su kamar abu guda ne. Ta fari mulki, tushenta ɗaya da mallaka, watau abu ya kasance a hannunka. Ta biyu daula, asalinta juyawa, watau yau ga wannan, gobe ga wancan. Ta uku hukuma, tushenta ɗaya da hukunci, da hakimi, da hikima, watau raba gardama tsakanin mutum biyu bisa ƙa'ida. Kun ga ke nan tun a bakin magabata an bambanta mai riƙe da mutane da mai raba musu gardama.

Ibn Haldun, malamin nan haifaffen Tunis wanda ya rubuta Muƙaddima a 1377, ya nuna 'yan Adam ba su iya zama sai tare, in kuwa suka taru sai wani ya miƙa hannu ga abin wani, saboda haka tilas a sami mai tsawatawa wanda ya fi kowa ƙarfi. Amma ya kasa mulki uku: wanda a ke yi da son zuciyar mai ƙarfi, da wanda a ke yi da dokokin da masu hankali suka tsara, da wanda a ke yi da shari'ar Allah. Can kuma a ƙasar Jamus, a 1919, wani malami wai shi Maks Weba ya yi wa ɗalibai jawabi a birnin Munik, ya nuna alamar da a ke gane hukuma da ita ita ce, cikin iyakar ƙasa sananniya, ita kaɗai aka yarda ta yi aiki da ƙarfi. Maganar tasa ƙafa biyu gare ta, akwai ƙarfi, akwai kuma yarda. Mai karatu da gaggawa ya kan ga ta fari, ya tsallake ta biyu.

Malaman ƙasarmu ma sun yi magana. Shehu Usmanu, Allah ya yarda da shi, cikin Kitabul Farƙi ya lissafa aibobin mulkin da ya tarar, cikinsu har da ƙwace dukiyar mutum ba bisa shari'a ba, da karɓar toshi wurin hukunci. Ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano, don ya nuna wa masu riƙe da jama'a abin da ya wajaba a kansu da iyakar ikonsu. To, bari mu ɗauki wannan ma'auni mu auna labarin gida.

Daga Sarautu Bakwai Zuwa Tuta

Kafin jihadi ƙasar nan ba ɗaya ba ce. Ƙananan sarautu ne guda bakwai, watau Auyo, da Haɗeja, da Garun Gabas, da Gatarwa, da Kazura, da Fagi, da Dawa. Kowane sarki yana da garinsa da mayaƙansa, amma naɗinsu daga Barno ya ke fitowa, ta hannun Galadiman Barno da ke zaune a Nguru, can kuma su ke kai gaisuwa. Watau tun a lokacin nan, sarkin da ke bakin kogin nan ya san akwai wanda ya isa ya kira shi.

Da Shehu ya tashi jihadi, Umaru ɗan Abdure, Sarkin Fulanin Haɗeja, ya aiki ƙanensa Sambo ya karɓo tuta, aka soma yaƙi a nan cikin 1805. Tuta dai ƙyalle ce, ba ta kashe kowa. Amma ita ta raba yaƙin su Umaru da harin mahara. Wanda ya karɓi tuta ya karɓi izni, ya kuma karɓi sharaɗi: zai yi hukunci da shari'a, zai naɗa alƙali, zai kai gaisuwa, in an kira shi zai amsa. Sambo ya hau a 1808, ya shiga birnin Haɗeja ya zauna, ya faɗaɗa ganuwa, sarautun nan suka komo ƙarƙashinsa ɗaya bayan ɗaya. Ya yi shekara 37 yana sarauta, a 1845 ya sauka saboda tsufa, ya bar wa ɗansa Garko. Garko ya rasu a 1847, ɗan'uwansa Abdulƙadir ya gaje shi, shi ma bai daɗe ba ya rasu a 1848.

Zamanin Sarki Buhari

A nan ne sarƙar ta tsinke. Buhari ɗan Sambo ya hau gado a 1848, ko da ya ke tsohon ya fi son Ahmadu. Babu mai musun jaruntakar Buhari, har yau in an ambaci sunansa a Haɗeja sai ka ga maza sun gyara zama. Amma bai daɗe da hawa ba ya sa aka kashe Sarkin Auyo Nalara, ɗan'uwansa na jini, ba a tsai da shi gaban alƙali ba. Ƙara ta kai Sakkwato. Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya aiko Waziri Abdulƙadir ɗan Giɗaɗo, ya sauka a Katagum, ya aika a kira Buhari ya zo a ji ta bakinsa. Ku duba, wannan sammaci ne sosai, irin wanda mu ke rubutawa, sai dai wanda aka kira sarki ne mai dawaki. Buhari bai miƙa kansa ba. Aka tuɓe shi a 1850, aka naɗa Ahmadu.

Ahmadu ya sami rawani, ya sami takardar Sarkin Musulmi, shari'a duka tana wajensa. Abu ɗaya ya rasa, ƙarfin da zai tsare su. Buhari ya ja jiki arewa, ya sami goyon bayan Barno, ya komo a 1851, aka gamu a Takoko, aka kori Ahmadu, daga bisani aka cim masa aka kashe shi. Sarkin Musulmi ya tara runduna daga Kano da Katagum da sauran ƙasashe, Galadiman Kano Abdullahi yana cikin manyanta, suka sauka a Kaffur, kudu da birni, cikin 1853. Buhari ya afka musu ba zato, suka watse, suka bar kaya da dawaki. Wannan shi ne Gamon Kaffur da tsofaffi ke ba da labari. Daga ran nan ba a sake aiko masa da runduna irin wannan ba.

To, shekara 12, daga 1851 zuwa 1863, babu wanda ya isa ya zare takobi a ƙasar nan sai da iznin Buhari. In ƙarfi kaɗai ne hukuma, lalle ba a taɓa yin hukuma a Haɗeja kamar ta lokacin nan ba. Amma mu tambayi talakawan gabashin Kano da na ƙasar Katagum, waɗanda aka ƙone garuruwansu, aka kai 'ya'yansu kasuwa alhali Musulmi ne 'ya'ya. Baturen nan matafiyi Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, ya bi ta Gumel a 1851, ya sake bi a 1854, ya rubuta labarin Buhari da yadda hanyoyin wajen nan suka zama abin tsoro. Mu kuma tambayi na cikin gida: wanda Sarki ya yi fushi da shi a lokacin nan, wurin wa zai kai kuka? Babu. An sare reshen da ke kai ƙara Sakkwato, ba a kuwa dasa wani ba.

Buhari ya rasu a 1863, kibiya ta same shi a yaƙin Gogaram ta ƙasar Bade. Abin lura shi ne abin da ya biyo baya. Manyan da suka naɗa ɗansa Umaru, waɗanda da hannunsu aka ci Kaffur, ba su ce a ci gaba da zaman kai ba. Aka nemi sulhu, Haɗeja ta sabunta caffa ga Sakkwato. Ba runduna ce ta tilasta su ba, sun dai gane cewa tsoron da a ke yi wa mutum ɗaya tare da shi a ke binne shi, ba a gadonsa kamar yadda a ke gadon rawani. Umaru ya yi shekara biyu, a 1865 baffansa Haruna ɗan Sambo ya karɓa, ya riƙe ƙasa shekara 20 cikin biyayya ga Sarkin Musulmi. Cikin shekarun nan kaɗan ƙasarmu ta ga takarda ba sanda a hannun Ahmadu, ta ga sanda ba takarda a hannun Buhari. Ta fari ba ta tsare ran mai ita ba, ta biyu ba ta wuce ran mai ita ba.

Ran 25 ga Afrilu, 1906

Turawan Ingila suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, suka ci Sakkwato a watan Maris. Sarkin Haɗeja na lokacin Muhammadu ne ɗan Haruna, wanda ya hau a 1885. Ya yi musu abin da a kan yi wa baƙon da ya fi ƙarfi, aka yi zaman doya da manja har shekara uku, Kyaftin Filibs wanda mutanen gari suka sa wa suna Mai Tumbi yana kai da komowa. A watan Fabrairu na 1906 mutanen Satiru, kusa da Sakkwato, suka kashe Turawa, a watan Maris aka rushe garinsu. Gwamna Lugga ya ƙudura ba zai bar wani gari mai ganuwa yana ɗaga kai ba. Runduna ta taso daga Kano a ƙarƙashin Kanar Lori Kol, da igwa da bindigogi masu ruwa. Suka aika wa Sarki da manzo, a kan ya miƙa waɗansu manyan gari da su ke zargi, ya kuma sallama. Aka mari manzon. Ran 25 ga Afrilu aka shiga birni, aka yi sa'o'i ana yaƙi titi-titi har ƙofar fada. Sarki ya yi shahada, shi da waɗansu 'ya'yansa da sarakunan yaƙinsa da jama'a mai yawa. Shi ya sa a ke kiransa Mai Shahada, Allah ya ji ƙansu baki ɗaya.

Wani zai ce, ashe Buhari ya ƙi kira, Muhammadu ma ya ƙi kira, mene ne bambancinsu? Bambancin kuwa shi ne gindin maganarmu duka. Wanda ya kira Buhari, Sarkin Musulmi ne, wanda gidansu ya karɓi tuta daga gidansa, kiran kuma don a tsaya gaban shari'ar da su duka biyu suka yi imani da ita ne. Wanda ya kira Muhammadu, babu abin da ya haɗa su sai igwa. Ba kowace takarda ce sammaci ba. Takardar da ba ta da komai a bayanta sai bindiga, ita ma bindiga ce, an dai naɗe ta ne cikin takarda.

Amma ga wani abin mamaki. Turawa sun ci gari da igwa, da gari ya waye sai suka ga igwa ba ta raba gado, ba ta ɗaura aure, ba ta san iyakar gonar wane da ta wane ba. Su kuwa 'yan kaɗan ne, ƙasa ga faɗi. Tilas suka nemi Ciroma Haruna ɗan marigayin suka naɗa shi, suka bar alƙali bisa buzunsa, suka bar shari'ar Malikiyya tana aiki. Watau mai ƙarfi ya zo aron yarda wurin waɗanda ya ci da yaƙi. Daga wannan aro aka haifi En'e.

Zamanin En'e

Dokokin da Turawa suka kafa tun daga 1900, aka yi ta gyara su har babban gyaran 1933 a zamanin Gwamna Kamaru, sun bar abu huɗu a hannun Sarki da majalisarsa: Baitulmali, da kotuna, da dogarai waɗanda daga baya aka fitar da 'yan doka masu horo a gefensu, da gidan yari. Wanda ke da waɗannan huɗu, a idon talaka shi ne hukuma. Da su aka riƙe ƙasar nan zamanin Sarki Haruna, da Abdulƙadir wanda ya hau a 1909, da Usman wanda ya hau a 1925, da Haruna wanda ya hau a 1950.

Babban abin da ma'aikatan En'e suka kawo shi ne sun sa ƙarfi ya riƙa barin sawu a takarda. Dagaci ya karɓi haraji ko jangali, sai ya yanka rasit. Alƙali ya koma cin albashi daga Baitulmali. Kowace shari'a sai an shigar da ita littafi, da sunan mai ƙara, da wanda aka yi ƙara, da shaidu, da hukunci. Yari ba ya karɓar ɗan sarƙa sai da takarda mai nuna laifinsa da kwanakinsa. Aiki ne marar kirari, babu maroƙin da ya taɓa wasa mai yanka rasit. Amma duk inda aka rubuta abu, an buɗe ƙofar da wani zai zo daga baya ya ce, don me aka yi haka? Wannan ita ce gadon da mutanen da mu ke tunawa suka bar mana.

Duk da haka kada son gida ya sa mu ce En'e daula ce. Sandar girma da takardar naɗi duka daga hannun Gwamna Sarki ke karɓarsu, wanda ya bayar kuwa yana iya karɓewa. An hana yanke hannu. Hukuncin kisa ba ya zartuwa sai Gwamna ya sa hannu. Di'o yana da ikon buɗe littafin alƙali ya sake duba hukunci. A 1947 ma, cikin shari'ar Tsofo Gubba, kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta rushe hukuncin kisa da kotun Sarkin Gwandu ta yanke bisa Malikiyya, don bai dace da dokar laifuffuka ta Turawa ba, abin da ya girgiza alƙalan Arewa duka. Sarki yana amsa kiran Razdan, Razdan yana amsa kiran Gwamna, amma babu mutumin Haɗeja da ya isa ya kira Gwamna. Sarƙar tana hawa har London, ba ta komowa wurin talaka.

Akwai kuma wani aibi da ba shi da kyau a ɓoye. Tun da ya ke mai kamawa, da mai hukuntawa, da mai tsarewa duka bayin gida ɗaya ne, da siyasar jam'iyyu ta shigo bayan 1950 sai aka yi ta kuka a wurare da yawa na Arewa, cewa ana aiki da 'yan doka da kotuna a kan 'yan hamayya. Inda aka yi haka, an mai da sammaci bulala, an kuwa ci amanar takarda.

Yadda Sanda ta Sake Hannu

A 1960 sabuwar dokar laifuffuka ta Jihar Arewa ta soma aiki, Nijeriya kuma ta sami mulkin kai. A 1967, zamanin Gwamna Hassan Usman Katsina, aka soke kotunan sarakuna. Ran 1 ga Afrilu, 1968, kotunan alƙalai suka fita daga hannun En'e suka koma hannun gwamnatin jiha, mu a lokacin muna cikin Jihar Kano. Gidajen yari suka koma hannun Gwamnatin Tarayya, aka shiga haɗe 'yan doka da 'yan sandan Nijeriya har aka gama cikin 'yan shekaru. A 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi, En'e ta naɗe tabarmarta. Ran 27 ga Agusta, 1991, aka yanke Jihar Jigawa. Tsarin Mulki na 1999 ya zo ya tabbatar da rundunar 'yan sanda ɗaya ga ƙasa duka, a shekarar 2000 kuma Jigawa ta faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci a kotunanta.

Ku duba, abin da aka zubar da jini a kansa a 1853 da 1906, shi ne aka miƙa a 1968 da 'yan takardu, ba a harba ko harsashi ɗaya a Haɗeja ba. Ma'aji ya ba da lissafi, yari ya ba da makullai, malaman kotu suka ƙirga littattafai suka sa hannu. Ko da ya ke sojoji ne ke mulki a lokacin, masu miƙawar nan ba tsoro kaɗai ya sa su ba, shekara sittin na aikin ofis ta koya musu cewa sanda ta kujera ce, ba ta mai zama a kai ba. A ganina wannan rana tana cikin ranakun da ma'aikatan En'e suka fi cancantar yabo. Sarauta kuwa ta rabu da sanda, amma yarda ta zauna wurinta, shi ya sa har yau rigimar da ta gagari ofis a kan kai ta fada.

Abin da ya Rage a Wuyanmu

Wannan magana ba ta tsofaffin littattafai kaɗai ba ce, gama a fadama a ke gwada ta kowace shekara. Da can ruwa da kansa ya ke raba lokaci: in ya cika na masunta ne, in ya soma ja da baya na masu shinkafa ne, in an girbe sai shanu su shigo su ci kara su bar taki, bulama da sarkin ruwa da arɗo kowa ya san ranarsa. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ambaliya ta sake hali, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, wani wuri ya bushe, wani ya nutse. Da gwamnati ta hana shigo da alkama a 1987, noman rani da injin ban ruwa ya bazu cikin wuraren da shanu suka saba kiwo da rani. Fili ya ƙuntata, mutane suka yawaita, burtali da mashaya suka shige cikin gonaki. An sha zubar da jini a wajejen Guri da Kirikasamma a kan abin da a da bulama ke kashewa a gindin itace.

Manomin da ya ɗauki baka, da makiyayin da ya zare adda, kowannensu yana faɗa mana abu ɗaya ne, watau bai yarda takardarmu za ta yi masa maganin abin da ya dame shi ba. Ko dai ya ga an yanke hukunci ba a zartar ba, ko ya ga shari'a ta kai wata shida alhali ɓarnar ta kwana ɗaya ce, ko ya ga mai kuɗi an kira shi bai zo ba, ba a kuwa yi masa komai ba. Na fari ciwon Ahmadu ne, na ƙarshe ciwon zamanin Buhari. In mutane suka shiga ɗaukar wa kansu fansa, to, kowane ƙauye ya zama ƙaramar daula, mun koma bayan sarautu bakwai ke nan, ba ma Galadiman da zai kira su.

Saboda haka ina roƙon shugabannina da abokan aikina abu uku, da ladabi. Na ɗaya, a gaggauta shari'ar fadama, a je a ga ɓarna tun sawun shanu bai bushe ba, hukuncin da aka yanke kuma a ga an zartar da shi. Na biyu, duk wanda aka ba sanda, ko hakimi ne, ko ɗan sanda, ko shugaban ƙaramar hukuma, in an kira shi ya amsa, domin talaka yana kallo, daga nan ya ke koyon darajar sammaci. Na uku namu ne, mu masu alƙalami: mu rubuta abin da aka faɗa yadda aka faɗe shi, kada mu ƙara, kada mu rage, kada mu ɓatar da takardar marar galihu a ƙarƙashin ta mai galihu.

Mutumin nan da na ba ku labari, shaidu sun tabbatar da ɓarnar, aka ƙimanta, ya biya, ya mai da hularsa ya koma ta cikin ruwan da ya ratso. Hukunci bai yi masa daɗi ba, amma an saurare shi. Muddin irinsa suna ɓoye takardarmu cikin hula don kada ta jiƙe, akwai hukuma a ƙasar Haɗeja. Magabatanmu na En'e sun karɓi wannan amana daga hannun waɗanda suka gabace su, sun miƙo mana, an kuwa ce da tsohuwar zuma a ke magani.

Allah ya ji ƙan sarakunanmu da suka shuɗe, ya gafarta wa ma'aikatan da suka yi musu hidima, ya ja zamanin Sarki, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka, ya kuma ba mu ikon riƙe amana. Amin. Haza wassalam.